Kalmar da Inna Take Tsallakewa

Jikata ce ta tono min wannan zance, ita kuwa ba ta san ta yi ba. Ta dawo daga wurin injin gyaran shinkafa inda take taya uwarta aiki, kanta fari fat da ƙura, igiyar waya maƙale a kunne kamar an haife ta da ita, ta zauna a bakin tabarmata ta ce wai wani mawaƙi ya yi kuskure. Wai zai ce mamaki, sai ya ce mamako. Na ce ta sa min in ji. Wani yaro ne mai 'yar siririyar murya, irin waɗanda inji ke gyara wa maƙogwaro, yana gaya wa budurwarsa yadda kewarta take zubo masa. Na yi dariya har tari ya sarƙe ni. Na ce mata yaron nan bai yi kuskure ba, ke ce kunnenki bai taɓa cin karo da kalmar ba. Mamako ruwan sama ne da ba ya zuwa da fushi, ba iska ba tsawa, sai ya yini yana sauka a hankali har katangar ƙasa ta jiƙe ta fara zubewa. Ta mayar da waƙar baya ta sake saurara, sannan ta ce, "Kaka, ashe waƙar ta fi yadda na ɗauke ta daɗi." Tun daga ranar ba ni da sakat. Duk kalmar da ta gagare ta a waƙa sai ta kinkimo ta kawo min, ni kuma ina nuna mata ta dame ni, alhali daɗi nake ji.

Ban ga laifinta ba. Yaran da aka haifa bayan an haƙa kanal na noman rani, ina za su san sunayen ruwan sama? A wurinsu ruwa iri biyu ne, an sako ko an ɗauke. Daga Kura har Bunkure ƙasa kore shar take rani da damina, a cire shinkafa a sa alkama, a cire alkama a sa tumatir da albasa, kuma duk wanda ya ce maka bai ji daɗin wannan ba, bai taɓa kwana da yunwar bazara ba. Ni na kwana da ita, don haka ba za ka ji na zagi kanal ba. Amma mu da muka tashi idonmu na sama, dole muka san halin sama. Mun san tsattsafi da bai isa ya kwantar da ƙura ba, mun san yayyafi, mun san feshi da iska ke korowa har cikin ɗaki. Mun san cida, wato gurnanin hadari daga nesa, ba ma haɗa ta da tsawa. Ruwa ko kecewa ya yi, ko tsugewa, ko tsagaitawa, kowanne da abin da yake nufi ga mai shuka a ƙasa. Ba a makaranta muka koya ba, ni ko ƙofarta ban taka ba. A bakin turmi muka tsince su, kuma mafi yawansu daga bakin Inna, mahaifiyata.

Safiyar wancan zamani da sauti take farawa. Kafin rana ta fito za ka ji guga na bugun bangon rijiya, sannan taɓarya ta amsa daga wani gida, wata ta karɓa daga wani, har unguwa ta ɗauka gaba ɗaya. Yanzu inji ɗaya ne ke hadiye aikin duka, ka zuba ta sama ka tara buhu ta ƙasa, kuma ƙararsa ba ta barin ko gaisuwa ta shiga kunne, balle waƙa. Mu kuwa kafin gero ya zama tuwo sai ya bi ta hannu sau da yawa, a yi sussuka, a yi shiƙa, a yi surfe, a bakace, a wanke, sannan a kai dutsen niƙa ko a koma turmi. Kowane mataki da waƙarsa, don taɓarya ba ta ɗaguwa da baki a rufe. Inna ita ce uwar waƙa a unguwarmu. Ba maroƙiya ba ce, ba ta taɓa yi don a ba ta komai ba, amma in ta ɗauki taɓarya sai mata su bar turamensu su zo a yi lugude a namu. Tana da faɗa a kan magana. In ka ce mata "miƙo min abin nan", sai ta dube ka ta ce a gidan nan ba a ajiye wani abu mai suna abin nan ba. Takan ce Allah bai bar komai ba suna ba, malalacin baki ne kawai ke rasa shi. In ta ji wata kalma a bakin baƙo ko mai talla, sai ta tsayar da shi ya maimaita, gobe kuwa ka ji ta a cikin waƙa, ta samu wurin zama kamar dama can nan ne gidanta.

To, matar nan da ba ta yarda a bar ko ludayi ba suna, akwai abu ɗaya a gidanta da ba ta taɓa kira da sunansa ba, shi ne ni. Ni ce 'yar farinta. A lokacinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yabonsa, ba ta ma cika haɗa ido da shi a gaban mutane ba. Kunya ce, kuma ado ce ga mace. Sunana na yanka ba a ma maganarsa. Amma an haife ni a tsakiyar damina, lokacin da ruwa ke kwana yana yini, sai kakata ta wajen uba ta sa min laƙabin Marka, ya bi ni har ya danne na yankan. Shi ke nan aka ƙwace wa Inna kalma guda daga cikin kalmomin ruwa, kuma babba. Ni dai "ke" ce, ko "waccan", in kuma ƙannena take aika sai ta ce su kira yayarsu. Yanzu kuwa sai ka ji yarinya ta tsaya a tsakar gida tana ƙwala wa ɗan farinta kira da cikakken suna, har da na makaranta, a gaban surukai. Da farko abin na sa ni sunkuyar da kai. Yanzu na saba, har nakan ga yadda yaron ke juyowa da murna, in ce a raina wataƙila su ma ba su yi asara ba. Ina yarinya abin ya sha cin raina. Nakan laɓe in ji ta tana kiran ƙannena ɗaya bayan ɗaya, in jira nawa, ko da kuskure, bai taɓa zuwa ba.

Matan unguwa sun mayar da abin wasa. Akwai wata waƙar surfe da Inna ta ƙaga wa gero, wadda kowane layi nata ke ƙarewa da sauti guda:

Gero ɗan jigawa, sannu da ɗauka,
Ka sha rana tun ranar shuka,
Fari ya matsa, ba ka yi kuka,

Layi na ƙarshe kuwa yana farawa da "Ga ka tsaye ƙyam a cikin", kuma ko yaron goye ya san kalmar da ta dace ta faɗo a gurbin. Da an zo nan sai mata su rage bugun taɓarya, suna ƙifta wa juna ido, suna jira su ga ko yau harshe zai zame. Bai taɓa zamewa ba. Yau ta ce a cikin laka, gobe ta karya layin ta ce ƙorama ta cika, jibi ta ce hadari na sauka. Wata rana sai ta bar sautin ma gaba ɗaya ta ce mamako, ta bar su da baki buɗe. Ba ta da tsayayyar hanya a wurin, kullum sabuwa take nema, don ta ce maimaita kalma guda kamar ɗumamen jiya ne. Ina tsaye da faifai ina jin haushi, ina kuma kwashewa ban sani ba. Rabin Hausar da ke bakina yau, daga gudun sunana Inna ta tara min ita.

Shekarar da katafila ta iso garinmu na riga na yi aure, a nan cikin gari, da nawa ɗan farin a baya, wanda ga shi yau da furfura ban taɓa kiran sunansa ba. Baba ya rasu, ƙannena maza sun shiga aikin lebura a wurin haƙa. Injinan nan ba su san kan iyakar gona ba, ba su san itacen da ake tsoro ba, komai baje shi suke yi. Akwai wata tsohuwar tsamiya bayan gidanmu da ko da rana tsaka yara ba sa bi ta ƙarƙashinta, ana cewa gidan mutanen ɓoye ne. Cikin safiya guda suka kwantar da ita. Ta yi kwanaki a yashe ba wanda ya taɓa ko reshe, sai Inna ta ɗauki gatari ta je ta saro, ta ce icce dai icce ne, kuma tsamiya ba ta da na biyu a wurin wuta. Ba a daɗe ba, wata hantsi tana bakace, faifan ya suɓuce daga hannunta, ta sulale a gindin turmi. Da aka kira ni na tarar da ita kwance, ɓarin jikinta na dama ya shanye, baki ya karkace, idanu a buɗe suna bin kowa.

Jikin da sauƙi a kan bakin. Duk tarin kalmomin nan suka tafi, aka bar mata biyu, "to" da "abin nan". Inna, wadda take korar mu saboda abin nan, ita ce yau ba ta da wani abu sai shi. Ta ce abin nan, a kawo ruwa, ashe buta take so. Ta ce abin nan, a kawo buta, ashe ƙuda ne ya dame ta. In abin ya ishe ta sai ta ɗauki moɗa da hannun hagu ta yi jifa, ta fashe da wani irin kuka mara hawaye. Masu zuwa dubiya suka ga jifa, suka ga kuka, suka tuna da tsamiya, magana ta ƙare. Kafin mako ya zagayo duk gari an yanke cewa iska ce ta buge ta, hankali ya tafi. A gabanta ake faɗa, kamar ana magana a gaban randa. Akwai wata ma'aikaciyar jinya, Kirista daga kudancin Zariya, da ke ɗan asibitin da aka buɗe wa ma'aikatan kanal. Mijina ya roƙo ta ta zo. Ta duba, ta ce jini ne ya hau, ba iska ba. Na tambaye ta ko Inna na jin abin da muke cewa, ko ta san mu. Ba ta yi min ƙarya ba, ta ce wasu suna ciki sarai ƙofar magana ce kawai ta rufe, wasu kuma sun yi nisa, ita ba ta da abin aunawa. Ta ce in dai riƙa yi mata hira, kada a bar ta cikin shiru.

Kawu kuwa, wan Inna da ke wani ƙauye can bayan Madobi, bai ɗauki wannan ba. Ya zo ya zauna a gefenta ya yi ta kallonta, ya kira ta da sunan da yake kiranta tun suna yara, ta ce masa "to". Ya fito yana share ido da hannun riga, ya ce da zarar an gama kaka zai zo ya tafi da ita wurin wani mai magani da ke ajiye masu taɓin iska. Na san wurin. Ana sa musu mari a ƙafa, a rufe su a ɗaki da hayaƙi, wanda ya yi gardama a sa masa bulala wai aljanin ake duka. Na taɓa ganin wata mata da aka dawo da ita daga can, har ta mutu ba ta sake ɗaga kai ta dubi mutum ba. Kawu ba mugu ba ne, son ƙanwarsa ne ya kai shi, kuma shi ne mai iko da ita tunda Baba ba ya nan. Ni 'ya ce, mace, mai goyo. Ba a tambaye ni ba, kuma ba wanda ya ga abin tambaya.

Mijina, Allah ya jiƙansa, ya bar ni ina yini a gidanmu. Hirar da aka ce in yi ta gagare ni, don ni da Inna ba mu saba hira ba, tsakaninmu aike ne da umarni. Sai na jawo turmi kusa da ƙofar ɗakinta, ina aikina tana kallo. Wata safiya ina surfe, goyo na ja min baya, na kama waƙar geron nan ba da niyyar komai ba, don dai hannu ya samu abin bi. Na ce "Ka sha rana tun ranar", sai numfashi ya yanke min. Daga cikin ɗaki na ji wata murya kamar ana jan tabarma a ƙasa ta ce, "shuka." Na tsaya da taɓarya a sama. Na ɗauka kunnena ne. Na koma farko, na zo layi na gaba na yi shiru da gangan, ta ce, "kuka." Na ajiye taɓarya na shiga bayan ɗaki na yi nawa kukan, don ko a ranar ban iya yinsa a gabanta ba. Da na dawo na ga ta kafe ƙofa da ido, tana buga tabarma da hannun hagu, bugun taɓarya sak.

Daga nan na samu aikin yi. Duk waƙar da na taɓa ji a bakinta na tono, ta daka da ta niƙa da ta reno, ina yi ina barin gurbi tana cikewa. In ta cije sai in ɗora mata farkon kalmar, in ce "fai", ta ce "fai", in ce "taɓar", ta ce "ya". Sannan na fara sa mata abin a hannu lokacin da sunansa ya zo a waƙa, ko kalmar za ta yarda ta sauko daga waƙa ta zauna a kan abin. Nawa suka ƙare, na shiga gari ina bin tsofaffi. Har unguwar Maguzawa na je wurin wata tsohuwa da suka yi 'yan matanci tare, ta zaunar da ni a gindin rumbu ta yi ta zubo min waƙoƙin da Inna ta daina yi tun kafin a haife ni. A nan na gane ashe ni ma mai abin nan ce. Sai in ji kalma a waƙa, na sha rera ta, amma in aka ce mece ce ita, sai in yi zuru. Dole na koyi tambaya. Me ya raba raɓa da laima? Me ya sa mai waƙar ta ce ƙasa ta yi danshi, ba ta ce ta jiƙe ba? Tsofaffin nan kuwa kamar jira suke a tambaye su. Ina neman wa Inna kalmomi, nawa bakin yana cika. Layin nan na ƙarshe na waƙar gero kaɗai ne ban taɓa bar mata gurbinsa ba. In na zo wurin sai in sa ɗaya daga cikin nata na da, in wuce da sauri.

Sai dai abin bai yi saurin da nake so ba. A cikin waƙa kalma na fitowa, da an daina waƙa sai ƙofar ta koma ta rufe. In baƙo ya shigo kuwa ko a waƙar ma sai da lallashi. Ni kaina akwai ranakun da nakan zauna in tambayi raina, shin Inna ce ke amsa min, ko harshe ne kawai ke motsi shi kaɗai, mai gidan ta daɗe da fita? Ban gaya wa kowa wannan ba. Aka yanke gero, aka yanke dawa, aka ɗaure aka kai rumbu, ina ganin kaka na ƙarewa kamar ana jan igiya a wuyana.

Wata rana da hantsi Kawu ya iso, ya ɗauko motar a-kori-kura ta tsaya a ƙofar gida, an shimfiɗa katifa a baya. Na gaishe shi, na kawo masa ruwa, na durƙusa na roƙe shi ya ba ni ɗan lokaci ya ga wani abu kafin a fito da ita. Ya zauna a kan kujerar tsakar gida. Na zuba gero a turmi na fara. Allah ya taimake ni, ranar Inna ba ta noƙe ba. Na bar gurbi ta cike, na ɗora mata farkon kalma ta ƙarasa, muka yi waƙa uku ko huɗu. Ina satar kallon Kawu, na ga fuskarsa ta saki, sannan na ga ta sake ɗaurewa. Ya bari na kai aya, ya ce, "Marka, ba ƙin ta nake yi ba, ciki ɗaya muka fito. Amma abin da kika sa mata a baki shi take ƙarasawa. Aku ma yana yin haka. Ki ce mata komai, za ta ƙarasa miki, ba ta san me take faɗa ba." Ya dafa gwiwa zai miƙe.

Ban shirya abin da na yi ba. Na dai ji taɓarya ta koma turmi, na ji bakina ya kama waƙar gero. Ta ce ɗauka, ta ce shuka, ta ce kuka, kowanne a kan bugu. Na zo layi na ƙarshe na rage hannu yadda matan unguwa suke yi a da, na ce, "Ga ka tsaye ƙyam a cikin", na dubi idonta, abin da ban taɓa yi ba a gaban babba, na ɗora mata, "mar". Na bar shi a buɗe. Sautin waƙar na jan ta, bugun taɓarya na jan ta, saura gaɓa ɗaya tak, wadda ta faɗa sau uku yanzun nan. Tun ina yarinya nake jiran in ji sunan nan a bakin nan. Ga shi yau an zo, kuma na san in na ji shi, to Kawu ne da gaskiya, uwata ba ta cikin wannan jiki. Wallahi a wannan tsayuwa ban san wanne nake roƙon Allah ba.

Leɓenta ya motsa. Na ga harshen ya tashi zai bi. Sai ta datse baki gam, har jijiyar wuyanta ta fito. Ta zuba min wata harara da na sani tun ina tatata, irin wadda take yi in na yi abin kunya a gaban baƙi. Sannan ta kai hannun hagu ta jawo mayafi ta rufe fuska, ta juya kai wajen bango.

Kawu yana nan rabi a tsaye rabi a zaune. Sai na ji wani sauti daga ƙirjinsa, na ɗauka tari ne, ashe dariya ce, dariyar da ta zo da hawaye har suna bin gemu. Ya koma ya zauna daɓas. Ya ce tun tana goyon fari ake ɗana mata tarkon nan ba a kama ta ba, ashe ciwo ma bai isa ba. Ya matsa bakin ƙofa ya durƙusa, babban mutum da shi, ya ce, "Ki yafe min. Kina nan, ni ne ban gan ki ba." Daga ƙarƙashin mayafi ta ce masa "to", kuma duk wanda ya ji wannan "to" ya san ba irin ta kwanakin baya ba ce. Ya tashi ya nufi zaure don ya sallami direba.

Inna ta yi shekaru bayan wannan rana. Ta ga ruwa ya biyo kanal, ta ci tuwon shinkafar da aka noma a inda tsamiya take, maganarta ta dawo kaɗan kaɗan har ta koma faɗa da jikoki, ko da yake hannun bai dawo ba. Amma abin da na riƙe ya faru ne kafin Kawu ya dawo daga zaure. Muna nan mu biyu, ina tsaye da taɓarya na rasa inda zan sa kaina don kunyar abin da na yi, sai na ga mayafin ya sauka. Ta juyo. Ta ɗaga hannun hagu ta buga tabarma, ta sake bugawa, tana nuna min in ba ta bugun. Na ɗaga taɓarya na sake layin a hankali, wannan karon ban ɗora mata komai ba. Ta daɗe tana kokawa da bakinta, gumi ya tsattsafo mata a goshi, sannan ta ce, "albarka."

A duk shekarun da ta yi tana kewaye gurbin nan ban taɓa jin ta sa wannan kalma ba. Ta yi kusa da sunan da yawa, kuma ta yi kama da yabo. Ba geron turmi take kallo ba da ta faɗe ta, ni take kallo, kuma ba ta kawar da ido ba.

Na jingine taɓarya, na durƙusa a bakin ƙofa, na ce, "Na'am, Inna."